Me Ya Sa Mangwaron Gidana Sai Ganye, Ba Huda?

Tambaya: Ina da mangwaro ɗan aure a tsakar gida a Zariya, shekararsa bakwai. Yana bakin makwarara, ba ya rabuwa da ruwa, har takin yuriya nake zuba masa. Ganye kore shar, amma ba ya huda. Na maƙwabcina da ke gona, ba mai kula da shi, duk shekara sai an tokare rassansa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, gata ne ya yi wa bishiyarka yawa. Mangwaro ba ya huda sai ya ɗan ji jiki. Idan damina ta ɗauke a Oktoba ƙasa ta bushe, bishiya takan daina toho, ta tara abinci a rassa. Sai hunturu ya shigo, sanyin dare a Disamba da Janairu ya sauko kusan digiri 15, shi ne ke sa idon da ke kan reshe ya fito da fure maimakon ganye. Na gonar maƙwabcinka haka yake samu, kyauta.

Naka kuwa, ruwan wanke-wanke na ratsa saiwarsa kullum, ga yuriya, wadda aikinta ganye ne. Duba bakin rassan a Nuwamba: in ka ga sabon toho ja-ja mai laushi yana reto, to hudar bana ta wuce ka, domin reshe sai ya yi wata huɗu zuwa biyar da toho kafin ya ƙosa ya iya fure.

Ka karkatar da makwararar daga gindinsa, ka bar shi da ƙishi wata biyu bayan ɗaukewar ruwa. Taki kuma sai bayan an gama tsinka, farkon damina.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne bayan hudar. Da 'ya'ya sun kai girman wake, a koma ban ruwa, ko da sau ɗaya a mako, a jiƙa sosai daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ba jikin kututture ba. A zafin Maris da Afrilu ganye kan rufe ƙananan ƙofofin numfashinsa don kada ruwa ya tsere, abinci ya ragu, bishiya ta zubar da 'ya'yan da ba za ta iya riƙewa ba. Kada zubar fure ta tayar maka da hankali, yawancinsu maza ne, dama ba za su ƙulla ba. Ƙudajen da za ka ga sun yanyame furen kuma kada ka fesa musu magani, su ne ke yi maka barbara.