Me ya sa ba a daina maganar Cubs ta 2016 ba?

Malam, ka tambaya me ya sa masoya besbol a Amurka suke ta ambaton kakar Chicago Cubs ta 2016, alhali duk shekara sai wata ƙungiya ta ɗauki kofi. Dalilin shi ne tsawon jira. Rabon Cubs da kofin World Series, wato kofin zakaran kakar, tun 1908, shekara 108 ke nan.

Ƙungiyar ba sa'a ta taka ba. Theo Epstein ya karɓi ragamarta a 2011, ya haƙura da shan kashi, har aka doke su sau 101 a 2012, yana tara matasa irin su Kris Bryant. A 2016, ƙarƙashin koci Joe Maddon, sun ci wasa 103, sun fi kowa.

A jerin wasannin ƙarshe da ƙungiyar Cleveland, wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke da kofi, kuma Cleveland ta riga ta ci uku, Cubs ɗaya. Sai suka farfaɗo aka kai wasa na bakwai, ranar 2 ga Nuwamba. Cubs suna gaba da 6 da 3 a zagaye na takwas, aka rage ɗaya, sannan Rajai Davis na Cleveland ya zabga wa jifan Aroldis Chapman na Cubs sanda, ƙwallo ta tsallake katanga, ta kawo maki biyu, aka yi kunnen doki. Ruwa ya sauko, aka dakata minti 17. Nan Jason Heyward, ɗan wasan Cubs, ya tara abokansa a ɗaki ya ƙarfafa musu gwiwa, kuma a ganina wannan ne ya juya wasan. A zagaye na goma Ben Zobrist ya buga wadda ta sa su gaba, aka tashi 8 da 7.