Allurar da aka yi ma ƙanena ce ta karkace mai wuya, ko iska ne?

Tambaya: Salamu alaikum lokotoro, daga Tahoua nike. Ƙanena ya tashi cikin dare yana ihu yana fasa kaya, bai gane kowa, da ƙyar muka kai shi likita, a irjans, sashen gaggawa, suka yi mai allura ya yi barci. Washegari sai wuyanshi ya karkace, idanu suka kafe sama, harshe waje. Tsohuwarmu ta ce iska ne, allurar ta tunzura su, a kai shi wajen malam. Mi za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ku maida shi likita yau ɗin nan, ki faɗa masu daidai yadda kika faɗa mani. Ban ga takardarshi ba, amma wannan wuyan da idanun da harshen, mu a irjans mun saba ganinsu bayan allurar haloperidol, wadda aka fi sani da Haldol, kuma samari ta fi kamawa, yawanci cikin kwanakin farko. Maganin yana toshe wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dopamin don hankali ya kwanta, to shi wannan sinadarin yana da hannu a motsin jiki, shi ya sa naman wuya da na ido suke ɗaurewa. Abin da ban tsoro a ido, na yarda, kuma yana da zafi ga mai shi, amma akwai makarinshi, Akineton ko Lepticur ko Artane, in allura aka yi cikin mintoci kaɗan za ki ga wuya ya saki kamar ba a yi ba. Inda nike jin tsoro shi ne in ɗaurewar ta kai ga maƙogwaro numfashi ya yi wuya, ko kuma jiki ya sandare duka ga zazzaɓi mai zafi ga zufa, wannan kam ba a kwana da shi a gida, balle da zafin Tahoua.

Ki gaya ma Inna a hankali, addu'a ba a hana ta, malam ya zo ya yi ta a bakin gado.

Ita allurar daren farko ba don warkar da hauka aka yi ta ba, an yi ta ne don ya natsu kar ya ji ma kanshi ciwo ko ya ji ma wani, a samu damar duba shi. Don mutum ya tashi da ihu bai gane kowa, ba lallai ciwon tabin hankali ba ne. Sukarin jini in ya faɗi yana sa haka, palu, zazzaɓin sauro ke nan, in ya hau kai yana sa haka, ga sanƙarau lokacin zafi da ƙura, ga buguwar kai a haɗarin moto, ga mai shan giya da ya daina kwatsam, in ya yi kwana 2 ko 3 da dainawa, ga kuma tramol da ya cika gari. Duk wanda ya yi ma irin wannan allura bai auna sukari da zafin jiki ba, aikinshi bai cika ba.

Kuma dalilin ne ke zaɓen maganin. Mai barin giya diazepam ake ba shi, Valium ke nan. Wanda ya cika tramol ana taka-tsantsan da Haldol don dukansu biyu suna iya tada farfaɗiya, kuma diazepam ko ɗan'uwanshi midazolam a kan tramol ko giya na iya danne numfashi, shi ya sa ake son ido a kan marar lafiya bayan allura, a kwantar da shi gefe guda. Largactil shi ma maganin natsarwa ne, tsoho ne, tun 1952 aka fara aiki da shi a Faransa, yana sa barci sosai amma yana kada tansiyo, mutum ya miƙe ya faɗi. Haldol kuwa a 1958 aka haɗa shi a Beljiyam, bai cika taɓa numfashi ba shi ya sa ake son shi, sai dai yana iya rikita bugun zuciya in an yi yawa, tsofaffi kuwa ɗan kaɗan ake ba su.

Nan ne nike roƙon iyalai, ku daina ɓoye mana. Sau nawa nike tambaya ko yaro yana shan wani abu, uba ya ce haba lokotoro ɗana ko sigari bai sha, sai abokinshi ya ja ni gefe ya faɗa mani gaskiya. Kunya ce, na sani, amma ita ke sa a yi kuskuren allura.

Artane ɗin nan kar ku saye shi wajen masu talla, samari na shan shi don maye, a farmasi da ordonansi kawai. Ki sa a rubuta maki sunan allurar da aka yi mai cikin karne ɗinshi, duk inda aka kai shi gaba a nuna. In an duba jiki ba a ga komi ba kuma ruɗewar ta ci gaba, ku nemi a haɗa ku da mai duba ƙwaƙwalwa nan Tahoua, ko a tura ku sashen masu tabin hankali na babbar likitar ƙasa ta Yamai.