NumPy 2.0 ta tsayar da manhajata, in koma tsohuwar?

Ɗan'uwa, ka ce manhajar lissafin da ka haɗa wa wani shago a Terminus, Jos, ta tsaya tun da ka sa NumPy 2.0, wato kayan aikin lissafin da masu haɗa manhaja da harshen Python ke amfani da su.

Ka riƙa duba lambar farko ta fitowar, kamar 2 ɗin da ke cikin 2.0: in ta canja, to an taɓa tushe. A 2.0, wadda ta fito a Yunin 2024, an cire tsoffin sunayen da ake kira a rubutun manhaja, irin su np.float_, don haka manhajar da ke amfani da su sai ta tsaya. Ban ga laifin masu NumPy ba, kaya in sun yi yawa sai an rage.

Koma 1.26 yau, ka kulle lambar a requirements.txt, fayil ɗin da ke jera kayan da manhajarka ke buƙata, ciniki ya ci gaba. Sabuwar kuma ka gwada ta a wata kwamfutar. Amma kada ka daɗe a tsohuwar. Ko Python 2, tsohuwar fitowar harshen Python, an daina gyara ta a 2020. Tunda kuɗin mutane ne, nemi gogaggen mai haɗa manhaja ya duba lissafin kafin ka sauya.