Tambayi Likita: Ciwon dunduniya da na'urar shokwef

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, shekarata 46, a tsaye nake wuni gaban allo. Wata takwas ke nan dunduniyata ta dama tana ciwo. Idan na sauko daga gado da asuba zan yi alwala, takun farko ji nake kamar na taka ƙusa, sai na ɗan zazzaga yake lafawa. Na sha diclofenac, na shafa man zafi, an yi min allura a wurin, ya tafi ya dawo. Yanzu an ce in je a sa min na'urar shokwef. Lantarki ake jona wa mutum? Kuma tana aiki, ko asarar kuɗi ce?

Daga wata malama a Zariya

AMSA: Wa'alaikis salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda kika kwatanta ciwon, ya yi kama da na jijiyar tafin ƙafa, wata faffaɗar jijiya da ta taso daga ƙashin dunduniya ta tafi har gindin yatsu. Yawan tsayuwa da nauyin jiki da silifas marar tudu su ke gajiyar da ita. Da dare takan takure, takun asuba ya fizge ta.

Kwantar da hankalinki, babu lantarkin da zai shiga jikinki. Ita na'urar, bugun sauti mai ƙarfi take turawa cikin tsoka. A Jamus aka fara amfani da irinta a 1980 wajen farfasa tsakuwar ƙoda, a 2000 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi wa ciwon dunduniya. Ana shafa man nan na hoton ciki, a ɗora kan na'urar daidai inda ke ciwo, ta yi ta bugu kamar minti goma. Da zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma da ƙafarki za ki koma gida. Yawanci zama uku zuwa biyar ne, mako-mako, kuma sauƙin kan ɗauki har wata uku kafin ya bayyana.

Tana aiki? Ga wasu sosai, ga wasu ko gezau. Binciken masana bai zo baki ɗaya ba. Ni dai nakan tura wanda ya haura wata shida yana fama, kamar ke, don na fi son ta a kan maimaita allurar rage kumburi (sitiroyid) da ake yi a wurin, wadda kan cinye kitsen dunduniya, wani lokaci ma ta tsinka jijiyar. Sai dai ban ji kin ambaci miƙa jijiya ba, alhali shi ne jigon maganin. Kafin ki sauko daga gado, ki kama yatsun ƙafar ki lanƙwaso su sama, ki miƙar da sharaɓa, da yamma ki mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa, ki bar takawa a siminti ba takalmi. Mafi yawan masu ciwon da wannan suke warkewa cikin shekara.

Idan za a yi miki, a ajiye diclofenac, a koma farasitamol. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko mai gyambo a wurin. In kina da ciwon suga ko ƙafar na dindiris, likitan ƙashi ya fara duba ki.