Me ya sa hadari ke haɗowa ta gabas?

Tambaya: Ni manomi ne a karkarar Tawa. Da damana iska daga kudu maso yamma take busowa, amma hadari ta gabas yake haɗowa. Wani lokaci kuma ya yi baƙi ƙirin, a ƙare da holoƙo, ko ɗigo babu. Mene ne dalili?

Amsa: Malam, iskar da ke bisa kanka hawa-hawa ce. Wadda kake ji a jikinka ita ce ta ƙasa, mai ɗauko laima daga tekun Gini, kuma a wajenmu kaurinta ba ya cika wuce kilomita 1 zuwa 2. A bisanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Gajimaren hadari dogo ne, kansa yakan haura kilomita 12, don haka iskar sama ce ke kora shi. Ta ƙasa laima kawai take ba shi. Hadarin da ya haɗu da la'asar a duwatsun Abzin kan iya isowa Adar, wato yankin Tawa, cikin dare.

Holoƙo kuwa, ruwa ya sauko daga gajimare, sai dai iskar da ya ratsa busasshiya ce, ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa. Ƙafewar nan tana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi, ta bazu gaban hadarin tana kwasar rairayi. Jan bangon ƙurar da kake gani ke nan, da sanyin da ke biyo bayansa. A Mayu da farkon Yuni ya fi yawa, saboda iyakar iskar teku da ta hamada tana kusa da mu, laimar ba ta yi kauri ba. A Agusta iyakar ta wuce Agadas, ruwa yana samun hanyar isowa ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne shuka da ruwan farko. Aje gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da itace da bango. In ruwan da ya taru cikin kwana 3 bai kai santimita 2 ba, wato milimita 20, ka dakata. Ko ya kai, in aka yi fiye da kwana 7 ba ruwa, tsiron hatsi na iya ƙonewa ko rairayi ya binne shi, don haka kada ka zuba irinka duka a shukar farko.