Sarki don kansa ya fara buga kuɗi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya me ya sa sarakunan zamanin da suke narka zinariya da azurfa su buga sulalla, alhali ƙarfen dukiya ne ko da hatimi ko babu. Na ga wasu sun ce don a sauƙaƙa ciniki ne. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma a ganina sarki buƙatarsa ya fara dubawa, kasuwa albarkaci ta ci.

Na daɗe ina saye da sayar da gwal. Mace ta kawo sarƙa, sai an ɗora a sikeli, a goga a dutse, a ɗiga ruwan gwaji, sannan a shiga jayayya ko karat 18 ce ko 21. Mutum ɗaya ke nan. To ina ga sarkin da mayaƙa dubbai ke jiran ladansu? Idan ya yanka ƙarfen gunduwa-gunduwa a nauyi ɗaya, ya buga alamarsa, awo ya ƙare, sai ƙirge.

A Lidiya aka soma, yammacin Turkiyya ta yau, fiye da shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙarfensu na farko gaurayen zinariya da azurfa ne, kuma ido ba ya iya faɗin nawa ne zinariyar a ciki, don haka kan zakin da ke jikin sulen shi ne lamunin sarki. Sarki Kurosus ne ya raba su daga baya, zinariya daban, azurfa daban. Dariyus na Farisa ya buga nasa na zinariya mai nauyin giram 8.4, kuma kusan guda ɗaya ne albashin sojan haya a wata. Mutanen Atina ta ƙasar Girka da suka dace da sabuwar jijiyar azurfa a ma'adinin Lauriyon wajen shekara ta 483 kafin Miladiyya, jiragen yaƙi suka ƙera da ita, waɗanda suka karya Farisawa a yaƙin teku na Salamis bayan shekara 3.

Dabarar ba ta tsaya nan ba. Sarki ya biya soja da sulen, ya kuma ce da shi za a biya haraji. Dole manomi ya kai hatsi wurin sojan don ya samu abin biya. Rundunar ta ci ta ƙoshi ba tare da an bi gida-gida ana ƙwace rumbu ba, sulen kuma ya koma baitulmali.

Sai riba. Mai hatimi shi ke cewa ga darajar sule, kuma takan ɗara ta ƙarfen da ke cikinsa. Nan ne kwaɗayi ke shigowa. Dinariyus, sulen Rum, azurfa ce kusan zalla, har Sarki Nero ya rage mata nauyi da tsarki a shekara ta 64 Miladiyya. Magadansa suka ɗora, algus kan algus, har zuwa wajen 270 azurfar da ke cikin sulen Rum ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, tagulla ce aka yi wa wanka. Farashi ya haukace. Sarkin Rum Kustantin ne ya fito da sulen zinariya mai suna solidus, giram 4.5, wanda ya riƙe nauyinsa ƙarnoni. A kasuwarmu ma haka ne, maƙerin da aka kama da haɗi sau ɗaya, ko tsantsa ya kawo gobe sai an goga.

Mu Musulmi misalinmu ya fi kusa. A zamanin Manzon Allah (SAW) da dinarin Rum da dirhamin Farisa ake ciniki, da su aka san nisabin zakka, dinari 20 ko dirhami 200. Abdulmalik ɗan Marwan ne a shekara ta 77 bayan Hijira ya buga dinari mai giram 4.25, babu hoton kowa, sai kalmar shahada da ayoyi. Yana cikin takun-saƙa da Rumawa lokacin, kuma ba ya son kuɗin daularsa su riƙa yawo da fuskar abokin gaba. Daga baya abin ya zama al'ada, duk wanda ya hau mulki a ambace shi a huɗuba, a buga sunansa a sule. A zamanin da babu rediyo, ta haka ɗan ƙauye ke sanin an yi sabon sarki.

Kada kuma ka ɗauka duk mai zinariya sai ya buga. Mali ta Mansa Musa tana da ita tuli, amma garin zinariyar ake aunawa da miskali, sai ta ƙetare Sahara ake mayar da ita dinari a garuruwa irin su Sijilmasa ta Maroko. Kano ma da wuri ta yi kasuwancinta. Bature matafiyi Barth ya tarar a 1851 ana canjin dalar azurfa ɗaya a wuri 2,500. Turawa da suka zo, tsohuwar dabarar nan suka yi mana, suka ce haraji sai da sulensu, dole mai gyaɗa ya kai ta kanti.