Leƙen asiri ko tattara bayanai: amsa ga wani saje

Wani saje da ke aiki a sashen bayanan sirri na soja a nan Kaduna ya rubuto yana tambaya ko wace kalma ce ta fi dacewa da aikinsu, "leƙen asiri" ko "tattara bayanan sirri", kuma a waɗanne littattafai shi da yaransa za su riƙa duba irin waɗannan kalmomi. Ya kuma nemi a warware masa karin maganar nan da ke cewa "da ɗan gari akan ci gari".

Yallaɓai, "asiri" da "sirri" tushensu ɗaya ne a Larabci, amma Bahaushe ya raba musu aiki. Sirri shi ne abin da aka ɓoye kawai, asiri kuwa ya haɗa da mutuncin mutum, shi ya sa ake roƙon Allah rufin asiri, ake kuma tsoron tonon asiri. Leƙe shi ma ba kallo ne na mutunci ba, domin ta kan katanga ko ta kafar ƙofa ake yin sa. Saboda haka idan ka sauka a wani ƙauye na Birnin Gwari ka ce wa mai unguwa kai ɗan leƙen asiri ne, zai karɓe ka da fara'a, ya sa a shimfiɗa maka tabarma a kawo ruwa, amma ba za ka tashi da komai ba sai gaisuwa. A ganina "tattara bayanan sirri" ya fi dacewa a takarda, tunda aikinku ya ƙunshi tantance labari da gwada shi da wani kafin a rubuta rahoto, a gaban jama'a kuwa "neman bayani" ya wadatar. Akwai tsohuwar kalma, "magewayi", wato wanda sarkin yaƙi kan aika ya gewaya garin abokan gaba ya ga ƙofofi da yawan dawaki, kuma abin takaici ne yadda ta kusa ɓacewa daga bakin matasa.

Karin maganar kuwa daga zamanin ganuwa ta fito. "Ci" a nan cin yaƙi ne, kuma birni mai ganuwa irin Zazzau ko Kano yana da wuyar shiga sai an sami na ciki wanda ya san inda gini ya yi rauni da lokacin da masu gadi ke gyangyaɗi. Maganar tana da fuska biyu: shawara ce ga mai neman gari, gargaɗi ne kuma ga masu garin. A yau fuska ta biyun ce ta fi damun mutane, har aka aro kalmar "infoma" ga mai kai wa 'yan bindiga rahoton maƙwabtansa. Ina ba ka shawara kada ka kira mai taimakonku da wannan suna, domin ya riga ya ɓaci. Ka kuma koya wa yaranka bambancin jiyau da ganau, su riƙa rubuta ko mai ba da labari da idonsa ya gani ko a kasuwa ya tsinta.

Game da littattafai, ƙamusun Bargery na 1934 shi ne ma'ajiyar tsofaffin kalmomin yaƙi da sarauta, kuma ana samun sa a intanet. Na Abraham, wanda ya fito a 1949, ya fi yalwar misalai da karin magana. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da Hausa yake bayani, don haka zai fi wa kurtu sauƙi. Mai fassara rahoto daga Turanci kuwa ya nemi na Roxana Ma Newman na 1990.

Sunayen muƙamanku irin su saje, samanja, kofur da hafsa duk daga Turanci aka aro su a zamanin da Hausa ce harshen bariki a rundunar da Lugard ya kafa. Kalmomin da suka shigo bayan waɗannan ƙamusoshi, kamar sunayen da 'yan bindigar daji ke kiran makamai da babura, sai dai ka buɗe littafinka na aljihu ka riƙa rubuta su tare da garin da ka ji kowace.